Launin Jirgin Baba

Ni da yayana Nomau mun yi musu
a bakin kogi a Yauri, ranar kasuwa,
kan jirgin da ya ruɓe tun muna yara.
Ya ce shuɗi ne. Na ce kore ne,
kore shar kamar shinkafa kafin ta fid da kai.
Ya rantse, na rantse,
har mai suyar kifi ta ɗago ta ce:
ku saya ko ku matsa, kun tare min hanyar wucewa.

A jirgin nan Baba ya kai mu gungu
ranar da iska ta juya mana baya.
Nomau ya ce ni na yi ta kuka.
Ni kuwa ina ganin hannuna riƙe da ƙoƙo
ina kwarfe ruwa, shi yana rawar sanyi
ya cusa kai cikin rigar Baba yana ɓoyewa.

Gwaggo Tumba ta gaji da mu.
Ta ɗaga kwanukan da ke kan akwati
ta zaro hoto, gefensa gara ta ci.
Ga Baba, ga sandar tuƙi, ga jirgi:
katako ne tsurarsa.
Ko ɗigon fenti bai taɓa samun shafawa ba.

Na koma makaranta da abin a wuya kamar ƙaya.
Malam Ɗantani, mai koya mana yadda hankali ke aiki,
ya saurare ni yana goge alli a hannun riga.
Ya ce, kin ɗauka tunani rumbu ne,
ki zuba gero, ki dawo ki ɗebi gero?
Ke da kika tashi a gidan masunta,
kin taɓa ganin koma ta fito ruwa ba ɓula?
Ƙwaƙwalwa mai gyaran koma ce,
duk zaren da ta tarar kusa, da shi take ɗinkewa.

Sai na tuna ƙofar ɗakin Inna kore ce.
Shuɗin Nomau kuwa, jiragen inji na yanzu,
waɗanda yake lodi kullum, su suka ba shi aro.

Malam ya ƙara da cewa:
ido ɗan aike ne, kunne ɗan aike ne,
akwai mai karɓar saƙo a ciki,
ya zaɓa, ya zubar, ya yi ƙari, ya sa suna.
Tsakanin abin da ya faru da zafin da kika ji
akwai jimla ɗaya da kika faɗa wa kanki,
da sauri har ba ki ji lokacin faɗarta ba.

Daren nan ban yi barci ba.
Na je neman tawa jimlar, na same ta zaune
inda na bar ta shekara tara:
gadon asibiti, na shigo da jakar makaranta,
Baba ya juya fuska ga bango.
Na ce, fushi yake, na bar shi na tafi boko.
Da wannan na ci, da shi na sha,
da shi na karɓi sakamakon kowace jarrabawa.

Da hutu ya zo na tambayi Gwaggo.
Ta ce, ke, hasken taga ne ke sukar idonsa,
duk wanda ya buɗe ƙofa haka yake yi masa,
har likita. Da kika fita ya ce a kira ki,
an tarar kin riga kin hau mota.

Ban sani ba ko ita ma ɗinki take yi,
da zaren tausayi, don ta rufe min ɓula.
Amma na karɓa, na ajiye kusa da nawa,
ina duba su biyun kamar mai zaɓen kifi.

Hoton yana wurina yanzu.
Nakan kalle shi: katako, ruwa, Baba.
In na rufe ido kuwa,
jirgin nan kore ne har gobe,
kuma ni ce ke kwarfewa.